Ƙasar Bakin Rariya

Na yi shekaru ina zubar da ruwa a gidan aurena ban taɓa sanin inda yake zuwa ba. Ruwan wanke-wanke, na wanki, na wanka, har tsarin gero in awaki sun ƙoshi, duk a kusurwa ɗaya muke juyewa, can ƙarshen tsakar gida ta yamma, inda ƙasa ta ɗan gangara. A nan rariya take, wata 'yar kafa a gindin katanga wadda kyanwarmu ta mayar ƙofarta. Ruwa ya bi ta nan ya fita, shi ke nan ya zama na gari. Ni kuwa ina cikin kulle, in ba suna ko rasuwa ko asibiti ba, ba na taka zaure. Sai dai Allah Ya yi ni da tambaya. Uwata ta sha cewa da ana sayen tambaya a kasuwa, da tuni na kai ta Makka.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin da ruwan dam ya ratsa. Ko da aka kawo ni, kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙo daga dam, ya riga ya iso gonaki, rani ya daina zama rani. Maigidan yana noma alkama da tumatir, kuma in tumatir ya nuna sai kwanduna su cika zaure har baƙo ya rasa wurin zama. Amma ruwan bai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shigo mana gari. Rijiyarmu, wadda aka ce a da sai an ƙulla igiya biyu, ta ciko har in na leƙa ina ganin haƙorana. Gindin katangu ya yi danshi, ya fitar da wani fari-fari kamar kanwa, yana ta marmashewa. Sauro ya daina tafiya hutu. Da damina kuwa lungunmu fadama yake komawa, har wata shekara katangar maƙwabta ta kwanta a kan akurkin kajinsu.

Saboda haka ba wanda ya yi baƙin ciki da aka zo haƙa lambatu, a tsakiyar shekarun tamanin, zamanin da soja suka matsa wa kowa da sharar gari ranar Asabar. Daga cikin gida nake jin diga da shebur da surutun leburori a bayan katangarmu. Na daure, na daure, na kasa. Wata rana da hantsi na shimfiɗa tsohon buhu, na kwanta rub da ciki, na sa ido a rariya. Ban ga komai ba sai ƙafafu da kwanon siminti. Ina nan ina ƙara turawa sai na ji murya a kaina.

"Ke 'yar nan, in kin gama leƙen, ki gaya mini ko sun gaishe ki."

Inna ce, uwar maigidana. Doguwa ce busasshiya, mai ciwon gwiwa, maganarta gajeriya ce mai yaji. A gidan nan aka kawo ta amarya, a gidan nan ta tsufa, kuma ɗanta ɗaya tal, wanda nake aure. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa yabona ba. Akwai wani hali nata da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Tana da dutsenta mai kyau a ƙofar ɗakinta, inda za ta iya zama ta yi alwala cikin kwanciyar hankali, amma ina, sai ta ɗauki buta ta ratsa tsakar gida duka tana ɗingishi, ta je bakin rariya, ta yi a can, ta kuma tsiyaye sauran ruwan butar a ƙasa. Kullum haka. Na sha yin niyyar tambaya, to amma suruka ba abokiyar hira ba ce. Na tashi na kaɗe zanina, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Da aka gama lambatu sai mai shela ya zaga da doka. Daga ranar, kowane gida da rariyarsa ta buɗe a kan lambatu zai riƙa biyan kuɗin lambatu. Kuma ba ruwan da aka yarda ya shiga ciki sai ruwan sama. Ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke, kowa ya haƙa rami a cikin gidansa, ya cika da duwatsu, ya rufe, ya riƙa zubawa a nan. Wanda aka kama, kotun tafi-da-gidanka tana nan.

Maigidan kuɗin ne ya tsaya masa a rai. Ya shigo yana faɗa shi kaɗai, wai a karɓi kuɗin mutum sannan a hana shi zuba ruwa, to kuɗin me ya biya, na kallo? Ni kuwa ba nan hankalina ya tafi ba. Abin da nake so in sani shi ne yadda za su bambanta. Ruwa dai ruwa ne. In ya fita ta rariya, wa zai tsayar da shi ya tambaye shi daga sama ya zo ko daga bahona? Kuma ruwan saman nan da ake ta girmamawa, ai shi ne yake wanke kashin awaki da na kaji da tokar murhu ya fita da su. Wai shi ne mai tsarki, ruwan da na wanke fuskata da shi kuma shi ne mai laifi? Na tambayi maigidan. Ya ce in bari in duba-gari ta zo in tambaye ta, tunda bakina ba ya gajiya.

Ta kuwa zo. Mace aka turo saboda gidajen kulle, kuma ba za ta girme ni ba. Tana da farar riga da lema da takalmi sau-ciki, ta yi sallama da ladabi, ta durƙusa ta gaida Inna. Ta leƙa randa, ta leƙa masai, ta leƙa rijiya. Ni ina biye da ita kamar jela. Da muka zo rariya na sauke mata tambayata duka, ban rage ba.

Ta yi dariya ta ce, "'Yar'uwa, ba sai na tambayi ruwa ba. In na zo da rani na tarar da bakin rariya a jiƙe ta waje, sama ce ta yi? Ruwan sama yana zuwa da yawa, ya wanke ya wuce. Naku kullum ne, kaɗan-kaɗan, ga sabulu ga maiƙo, ya kwanta ya yi baƙi."

Na ce, "To Malama, in ya kwanta ai a lambatu ya kwanta. Ina ruwan wani?"

Ta ce, "Lambatu ba shi ne ƙarshe ba."

Kafin in tambaye ta ƙarshen, ta riga ta juya tana neman wurin rami. Gabas ba zai yiwu ba, rijiya tana nan, ƙazanta za ta tsiyaya cikin ruwan sha. Kudu masai ne. Arewa ɗakuna ne, kuma ƙasar da danshi ya riga ya ci, in aka haƙa kusa da gini zai zauna. Ta dawo kusurwar yamma, taki kaɗan daga rariya, ta soka tsinin lemarta a ƙasa, ta ce nan ne. Nan kaɗai ne.

Na ƙura wa tsinin lemar nan ido.

Bari in faɗa muku abin da yake wurin. A wajenmu in mace ta haihu, ungozoma tana wanke mabiya, ta haƙa rami a inda mai jego za ta riƙa wanka, ta binne, ta kifa tsingaro a kai, ta mayar da ƙasa. A kan wurin ake wankan jego, ruwan zafi da ganyen darbejiya suna sauka a kai safe da yamma, wai don kada cibiyar jariri ta yi ciwo. Ɗana na fari a gidan iyayena na haife shi, tasa mabiyar tana can. Ta biyu mace ce, a gidan nan na haife ta, kuma a daidai inda tsinin lemar nan ya shiga aka binne tata. Ta fara tatata, tana kama zanina tana miƙewa, ƙyanda ta zo ta ɗauke ta. Maza suka naɗe ta suka fita da ita. Mace ba ta zuwa maƙabarta, ban san kabarinta ba, ko a yau aka kai ni ba zan iya nunawa ba. Ba ni da hotonta. Rigunanta an bayar sadaka. Abin da ya rage mini na yarinyar nan a duniya kaf, wannan ɗan wurin ne da bai fi faifai ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma in ina shara ba na bari tsintsiya ta ci wurin da ƙarfi.

Duba-gari ta shafa jan fenti a katanga daidai wurin, ta ce za ta dawo. Ta tafi.

Da maigidan ya dawo daga gona na same shi yana wanke ƙafa, na ce a nemi wani wuri. Ya tambayi dalili. Na faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ba mugu ba ne, shi ma ya yi kukan yarinyar nan a ɓoye, na sani. Amma ya ce, "Ki yi haƙuri. Ai ba ita ce a wurin ba. Ƙasa ce kawai yanzu." Wallahi na ji haushinsa, haushi mai tsanani, kuma abin da ya ƙara mini shi ne na san gaskiya ya faɗa. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta ji komai. Abin da ta ce kawai shi ne in daina tsayuwa a bakin rariya kamar an ba ni gadi, tuwo yana jira. Na ce a raina, wannan tsohuwa dutse Allah Ya sa mata a ƙirji.

Sai na ɓullo da dabarata. Tunda laifin shi ne ruwa ya fita, to ba zai fita ba. Na toshe rariya da tsumma da yumɓu. Ruwan wanke-wanke na riƙa yayyafa shi a tsakar gida, na wanki in watsa a gindin katanga, na wanka in tara a tsohuwar tukunya in riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. In duba-gari ta zo ta ga bakin rariya a bushe, me za ta ce? Da a garin uwata ne, inda ƙasa ke shanye ruwa kafin ki juya, da dabarar ta ci. Amma ƙasarmu ta riga ta ƙoshi da ruwan kanal, ko ɗigo ba ta so. Ba a jima ba tsakar gida ta zama taɓo. Kaji suka yi ta tambari da ƙafa, ɗana ya faɗi ya tashi kamar an tsoma shi a kunu, wari ya fara tashi. Ranar da santsi ya kusa kayar da Inna ta dafa turmi ta tsaya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Shinkafa za ki dasa mana, ko kifi za mu kiwata?" Na je na cire tsumman da hannuna.

Duk da wannan damuwa, maganar duba-gari ba ta bar ni ba. Lambatu ba shi ne ƙarshe ba. To ina ne ƙarshen? Na ma fara raya wa kaina cewa in na gano ƙarshen wani kududdufi ne da ba mai amfani da shi, zan sami abin da zan kafa hujja da shi, in ce doka ba ta da dalili. Sai ga dama ta zo. Aka yi haihuwa a wani ƙauye da ke yamma da mu, dangin Inna, aka ce mu je barka ni da ita. Muka fita da safe. Da muka zagayo bayan gidanmu na ga rariyarmu ta waje, karon farko. Ashe haka take, ƙarama, da wani baƙin zane ya gangaro daga bakinta zuwa cikin siminti. Na ce, "Inna, da mun bi ta gefen lambatu, kamar ya fi inuwa." Ko itace ɗaya babu a gefen lambatun. Ta harare ni, amma ta bi.

Muka bi shi. Lungu ya haɗu da lungu, lambatu ya haɗu da lambatu, kowace katanga da rariyarta da baƙin zanenta. Na riƙa gane gidaje ta ruwansu. Wannan na mai ƙosai ne, ga maiƙo yana yawo a sama. Wancan na marina ne, shuɗi har gefen siminti. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, har na manta abin da ya fito da ni, ina ta nuna wa Inna, tana cewa in rufe baki kada ƙuda ya shiga. A bayan gari siminti ya ƙare, ruwan ya bi ta ƙarƙashin kwalbati, ya faɗa cikin wata babbar magudana wadda ke kwashe ragowar ruwan gonaki. A nan baƙin ruwanmu ya shiga cikin mai haske, ya ɗan yi tafiya a gefe shi kaɗai, sannan ya ɓace a ciki.

Ƙasa kaɗan da wurin akwai mashaya. Shanu suna tsaye a ciki. Wata Bafillatana tana durƙushe tana wanke ƙore, da goyo a bayanta, da wata 'yar yarinya a gefenta wadda ba ta wuce fara tafiya ba. Muka gaisa. Na tambaye ta ko a nan suke ɗiba. Ta ce rugarsu tana bayan gonakin can, kanal an hana su kai shanu saboda suna rusa gefensa, rijiya kuma sai cikin gari. Na wanka da wanki a nan, na sha ma in an matsu. Tana cikin magana yarinyar ta tsoma hannu a ruwan ta kai baki. Uwar ko kallo ba ta yi ba, abin yau da kullum ne.

Muka wuce gidan barka. Na je neman hujja, na dawo da wadda ta fi ƙarfina. Na ji haushin duba-gari don ta yi gaskiya, na ji haushin kanal, na ji haushin ƙafafuna da suka kai ni. A hanyar dawowa Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "To, kin ga ƙarshen. Hankalinki ya kwanta?" Na ce a'a. Ta ce dama.

Duba-gari ta dawo kamar yadda ta ce. Na tambaye ta ko za a iya matsawa ko da kamu ɗaya ne. Ta auna da ido, ta ce in an matsa nan katanga ce, in an matsa can an kusanci rijiya, kuma ramin da faɗi. Ta tambaye ni ko akwai wani abu ne. Na ce babu. Yaya zan gaya wa mai farar riga da lema cewa tsingaro nake karewa? Ta ce gidaje kaɗan suka rage a lungun, kuma ba ta so sunan gidanmu ya je gaban kotu. Maigidan ya ce da an kwashe tumatir ɗin da ke gona zai kawo masu haƙa. Na riƙa addu'a tumatir ya yi jinkirin nuna, ni da abincinmu ke jikinsa. Bai yi jinkiri ba.

Ranar haƙa, da hantsi, maigidan ya yi gyaran murya a zaure ya ce za a shigo. Na shige ɗaki na saki asabari, na zauna a bakin gado. Na yi niyyar ba zan leƙa ba, karo ɗaya a rayuwata. Sai na ji muryar Inna a tsakar gida, tana cewa su koma zaure su jira, a ba su fura, ita za ta kira su. Maigidan ya fara cewa, "Inna, rana tana yi," ta ce ta ga ranar, ba makauniya ba ce. Na ji takunsu sun koma.

"Ke 'yar nan. Ɗauko daro da fartanya."

Na fito. Ta riga ta isa bakin rariya, ta naɗe zaninta, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo. Ta karɓi fartanya ta fara kankare ƙasa a hankali, ba sara ba, kankara, tana tarawa da tafin hannu tana zubawa a daro. Na durƙusa kusa da ita. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, mai sanyi. Ba mu yi nisa ba fartanya ta yi ƙaras. Ta ajiye ta, ta sa yatsu, ta ciro tsingaro. Na gane shi nan take. Gefen tukunyata ce ta aure, mai zanen igiya a wuya, wadda ta fashe ina da ciki. Ta miƙo mini. Na leƙa ƙarƙashinsa. Ba komai, ƙasa ce kawai, kamar yadda maigidan ya ce. Inna ta kwashe ƙasar wurin da hannu biyu, har da ta gefe, ta zuba a daro. Hawaye suka zubo mini, na bar su, ban ɓoye ba.

Na share ido na ce, "Inna, na gode. Shi ke nan, an samu. Tashi, gwiwarki."

Ba ta tashi ba. Ta matsa gefe kaɗan ta ci gaba da kankara, ta yi ƙasa fiye da inda na 'yata yake. Na zaci ruɗewa ta yi. Sai fartanya ta sake yin ƙara. Ta ciro wani tsingaro, tsoho, baƙi, irin ƙirar da ba a yi yanzu, gefensa duk ya cinye. Ta share shi da babban yatsa.

Ta ce, "Wannan namiji ne. Bai kai suna ba."

Ta ajiye a daro. Ta ƙara matsawa, ba ta ko laluba, ta san inda kowanne yake. Wani ya fito.

"Wannan mace. Ta yi haƙora, tana cizona."

Wani kuma, a rabe biyu. Ta haɗa su a tafinta ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye su a daro, ni kuma ban tambaya ba. Na ƙarshe jan kasko ne mai kauri. Ta ɗaga shi, ta ɗan yi murmushi ta gefen baki.

"Wannan mijinki ne, ja'iri. Shi ya ga dama ya zauna."

Ni da nake taƙama da tambaya, na zauna da matar nan shekara da shekaru, ina ganinta tana ratsa tsakar gida da buta tana ɗingishi, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ɗauka ɗa ɗaya Allah Ya ba ta. Na ce, "Inna, ba ki taɓa faɗa ba." Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" Sannan ta ce in daina kallonta haka, in kama daro.

Daro ya yi nauyi, sai da muka yi sawu da yawa. Muka kai ƙasar bayan ɗakinta, wani ɗan lungu tsakanin ɗaki da rumbu inda rana ba ta cika zafi ba. Ta sa na haƙa wuri, muka zuba, ta jera tsingarayen a kife, nata da nawa, nawa a tsakiya, muka rufe. Duk sawun da za mu yi sai ta ce in yi a hankali kada in zubar. Da muka gama ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗaga murya ta ce wa na zaure su shigo su haƙa raminsu, sun zauna sun shanye wa mutane fura.

Aka haƙa rami, aka cika da duwatsu, aka rufe da siminti aka bar 'yar kafa. Duba-gari ta zo ta gani ta yaba, ta ce da kowa zai yi irin namu da ta huta. Rariya ta bushe sai da damina. Maigidan ya ci gaba da biyan kuɗin lambatu yana mita, har ya tsufa bai daina cewa kuɗin kallo ba ne. Ban taɓa gaya masa abin da muka tono ba, kuma ban sani ba ko ya san yana da yayye.

Washegarin haƙar, da aka kira sallar azahar, ina ɗaki na ji fitowar Inna da ƙarar butarta. Na leƙa ta asabari, halina ne. Ta doshi bakin rariya kamar kullum, ta yi rabin hanya, ta tsaya. Sai ta juya ta zaga bayan ɗakinta. Na ɗauki butata na bi ta. Tana tsugune a ɗan lungun, wurin ba ya ɗaukar mutum biyu. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi butar. Ta matsa mini.